Wa Zai Yi Fim ɗin Karare?

A watan Satumban 2021 gwamnatin Katsina ta sa aka katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana, don a raba ɓarayin daji da infomominsu. A cikin wannan watan dai, Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, ƙarƙashin Isma’ila Na’abba Afakallah, ta haramta duk fim ɗin da ya nuna garkuwa da mutane, ko shaye-shaye, ko ƙwacen waya, bisa hujjar cewa irin waɗannan finafinai suna koya wa matasa aikata laifin. Matakan biyu ba su da alaƙa da juna, amma sun haɗu a kan mutumin Karare, ɗaya daga cikin mazaɓun Batsari. A lokacin ba ya iya buga waya ya faɗa wa ɗan’uwansa na Katsina abin da ya faru daren jiya, kuma masana’antar da ke yin fim da harshensa an ɗaure mata hannu, ba ta da ikon taɓa labarinsa.

A wasu ƙasashen kuwa, babu hajar da gidajen talabijin ke rububi kamar labarin laifi, kuma yawancin abin da mai kallo ke ɗauka ƙagagge ne, daga ofishin ’yan sanda ko zauren kotu aka ɗauko shi.

Abin ya samo asali tun zamanin rediyo. A 1949 wani ɗan wasa a Amurka mai suna Jack Webb ya fara shirin Dragnet, ya mayar da shi talabijin a 1951. Rundunar ’yan sandan birnin Los Angeles ce take buɗe masa fayil-fayil na shari’un da aka gama, shi kuma ya rubuta wasa da su. Kowane kashi yakan fara da sanarwar cewa labarin gaskiya ne, sunaye kawai aka sauya don a kare waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Sai dai cinikin yana da sharaɗi: rundunar tana duba rubutun kafin a ɗauka. Shi ya sa ɗan sandan Dragnet kullum mai gaskiya ne, ba ya karɓar na goro, ba ya dukan wanda ya kama, alhali mazauna unguwannin baƙar fata na wannan birni sun san wata fuskar ta daban. Wanda ya ba da fayil shi ke juya akalar labari, kuma har yau wannan matsala ba ta rabu da irin waɗannan shirye-shirye ba.

Law & Order, wanda Dick Wolf ya fara a 1990, jaridu ya mayar rumbunsa. Marubutan sukan ɗauki kisan da ya cika shafin farko na jaridun New York su gina kashi guda a kansa: rabin farko ’yan sandan ciki suna bincike, rabin ƙarshe masu gabatar da ƙara suna fafatawa a kotu. Mai kallo zai gane shari’ar da ake nufi a mintuna goman farko, daga nan sai labarin ya karkata. Attajirin da aka zarga a zahiri ya koma likita, matar ta koma namiji, wanda kotu ta sallama a rayuwa a same shi da laifi a allo. Ba don nishaɗi kaɗai ake wannan karkatarwa ba. Lauyoyin kamfani ne ke son haka, don kada wani ya shigar da ƙarar ɓata suna.

Sauran dabarun kusan iri ɗaya ne a ko’ina. Binciken da ya ci shekara uku a matse shi cikin mintuna arba’in da ’yan kai. Jami’ai goma da suka yi aikin a haɗe su su zama jarumi ɗaya, don mai kallo ba zai riƙe sunaye goma ba. Hirar da aka yi a ɗaki, wadda babu mai shaida a kanta, marubuci ya ƙirƙiro ta daga kansa. Kuma kusan kullum sai an kama mai laifi kafin a tashi, abin da ba ya cika faruwa a zahiri, ko a Amurkan ma.

Shirin da masana da yawa suka fi jinjina wa, The Wire, wata hanya ya bi. David Simon ya yi shekaru yana ɗauko wa jaridar Baltimore Sun labarin ’yan sanda, abokin aikinsa Ed Burns kuma tsohon jami’in binciken kisa ne a birnin, daga baya ya koma koyarwa. Daga 2002 zuwa 2008 suka zuba abin da suka gani da idonsu, ba su ware ’yan ƙwaya kaɗai ba, sun shiga tashar jiragen ruwa da ofishin magajin gari da makarantun gwamnati da ita kanta jaridar, don su nuna cewa yaron da ke sayar da ƙwaya a kwana ba daga sama ya faɗo ba. Har ma Melvin Williams, wani tsohon dilan ƙwaya da Burns ya taɓa bincika aka ɗaure shi, sun ba shi rawa a shirin, ya fito a matsayin dattijon coci.

Inda rigima take shi ne idan aka bar sunayen gaskiya. Narcos, wanda Netflix ta fara a 2015 kan Pablo Escobar, madugun hodar iblis na Kolambiya da aka harbe a Medellin a watan Disamban 1993, ya sa baƙi suka riƙa tururuwa zuwa kabarinsa suna ɗaukar hoto, ’yan garin da suka binne ’yan’uwansu saboda bamabamansa suna kallo. Ɗan’uwan Escobar ma ya nemi kamfanin ya biya shi dala biliyan ɗaya. A 2022 aka yi shiri kan Jeffrey Dahmer, wanda ya kashe mutum 17, sai dangin wasu daga cikin mamatan suka fito suna cewa an tono musu miki, an ci kuɗi da hawayensu.

Amma akwai ɗaya ɓangaren, kuma shi ne ya kamata masu tace finafinai su duba. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da masu kula da ƙananan gidajen waya sama da 900 a Birtaniya bisa zargin sata da almundahana, alhali manhajar kwamfutar Horizon ce take nuna giɓin kuɗin da babu shi. Wasu an ɗaure su, wasu sun talauce, wasu sun kashe kansu. Jaridu sun yi shekaru suna rubutu, abin bai motsa yadda ya kamata ba. A farkon Janairun 2024 tashar ITV ta nuna wasan kwaikwayo mai kashi huɗu, Mr Bates vs The Post Office. Ranar 10 ga watan, Firaminista Rishi Sunak ya tashi a majalisa ya yi alkawarin doka ta musamman, a watan Mayu kuma aka zartar da ita, aka soke hukunce-hukuncen. Indiya, wadda Bahaushe ya fi sanin finafinanta, ita ma ta yi Delhi Crime a 2019 kan fyaɗen da aka yi wa wata ɗaliba a cikin motar bas a Disamban 2012. Daraktan, Richie Mehta, ya yi shekaru yana bin takardun shari’ar yana hira da jami’an da suka yi binciken, kuma bai nuna fyaɗen a allo ba ko sau ɗaya. Shirin ya ci kyautar Emmy ta duniya a 2020.

Najeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. An harbe ɗan fashi Ishola Oyenusi a Bar Beach da ke Legas ranar 8 ga Satumban 1971 a gaban dubban ’yan kallo, kuma shekaru kaɗan bayan haka Eddie Ugbomah ya yi fim kan tashensa da faɗuwarsa. A farkon shekarun 2000 Lancelot Imasuen ya yi Issakaba, kan ’yan bangar Bakassi da suka riƙa sare waɗanda ake zargi da fashi a Aba da Onica. Fim ɗin ya fito da su a matsayin gwaraza masu tsafin gane mai laifi, a lokacin da ƙungiyar Human Rights Watch, a rahotonta na 2002, take lissafa mutanen da suka kashe ba tare da shari’a ba. Duk wanda ya san rawar da ’yan sa-kai suka taka a rikicin yammacin Katsina da Zamfara zai gane haɗarin irin wannan yabo. A Disamban 2022 Showmax ta fito da Crime and Justice Lagos, wanda ya bi salon Amurkawa na ɗauko labari daga kanun jaridu. Shi kuwa fim ɗin Oloture na Kenneth Gyang, kan safarar mata zuwa Turai, rigimar mallaka ya jawo: ’yar jarida Tobore Ovuorie, wadda ta yi shigar burtu ta shiga cikin masu safarar ta rubuta wa Premium Times rahoto a 2014, ta ce rayuwarta ce aka ɗauka, kamfanin EbonyLife ya ce ya sayi haƙƙin rahoton daga jaridar.

A ƙasar Hausa ƙishirwar irin wannan labari ba ɓoyayya ba ce. Ana iya jin ta a yadda Kanawa ke kasa kunne ga Inda Ranka na Freedom Radiyo, da yadda ake yaɗa bidiyon kakakin ’yan sandan Kano, Abdullahi Haruna Kiyawa, yana yi wa waɗanda aka kama tambayoyi a Facebook. Tashar Arewa24, wadda aka buɗe a 2014, ta taɓo tsattsauran ra’ayi da gudun hijira da shaye-shaye a Daɗin Kowa. A YouTube kuma, A Duniya na Tijjani Asase ya shiga lungunan ’yan daba har sunan Abale, ɗan daban shirin, ya zama ruwan dare a bakin yara. A 2024 hukumar tacewa, wannan karon ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta haramta finafinan daba su ma. The Milkmaid, fim ɗin Desmond Ovbiagele na 2020 da aka yi da Hausa kan ’yan mata biyu masu tallar nono da ’yan tada ƙayar baya suka afka wa, sai da hukumar tacewa ta ƙasa ta sa aka yanke masa mintuna 24, duk da haka ya ci kyautar gwarzon fim na Afirka, Maryam Booth ma ta samu tata.

To amma ko da an ɗage haramci gobe, marubucin da ya nufi Batsari zai ci karo da wani cikas da ya fi hukumar tacewa girma. Yawancin shirye-shiryen da aka ambata a sama suna tsaye ne a kan takarda: bayanin shaidu, rahoton likita, tuhuma, hukuncin alƙali. A yankin dajin Rugu laifi ya yi yawa, takarda ta yi kaɗan.

A watan Mayun 2019 aka kashe mutum 18 a ’Yar Gamji, yawancinsu manoma a gona. Mutanen yankin suka ɗora gawarwakin a mota suka kai su har birnin Katsina, ƙofar fadar sarki, don masu mulki su gani da idonsu. Babu marubucin da zai ƙirƙiro fitowa mai nauyin wannan. Ranar 14 ga Fabrairun 2020 aka afka wa Tsauwa da Ɗankar, ’yan sanda suka tabbatar da mutuwar mutum 30, aka ƙone gidaje da rumbuna da dabbobi. Bayan wata biyu, a Afrilu, aka kashe mutum 47 a dare guda a ƙauyukan Safana da Dutsinma da Ɗanmusa. A tsarin Law & Order, wannan duka rabin farko ne na kashi. Rabi na biyu, inda za a ga wanda ake tuhuma a tsaye gaban alƙali, shaida yana nuna shi da yatsa, shi ne ba kasafai ake samu ba, duk da cewa tun a 2019 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar da ta tanadi hukuncin kisa ga masu garkuwa da mutane da ɓarayin shanu. An saba ganin holin waɗanda aka kama a hedikwatar ’yan sanda, da bindigogi a jere a ƙasa. Abin da ya biyo bayan holin ne jama’a ba su cika ji ba.

Lamarin da ya fi kowane girma a jihar ma haka ya ƙare. Daren 11 ga Disamban 2020, Shugaba Buhari yana Daura, aka kwashi ɗalibai daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara aka kora su daji da ƙafa. Ranar 17 ga watan aka sako 344. Wanda ya jagoranci satar, Auwalun Daudawa, ya bayyana a Gusau a Fabrairun 2021, ya miƙa bindigogi, ya rantse da Alƙur’ani ya tuba, aka yafe masa. Bai cika wata uku ba ya koma daji, a ƙarshen Afrilu kuma aka harbe shi a faɗa da wata dabar. Ga farko, ga tsakiya, ga ƙarshe, kamar wani ne ya zauna ya tsara. Sai dai bai taɓa tsayawa a gaban alƙali ba, don haka babu inda aka rubuta, bisa rantsuwa, wa ya nuna masa hanya, wa ya shiga tsakani, me aka bayar. Gwamnati ta ce ba a biya kuɗin fansa ba. Mai fim ɗin da ya nuna akasin haka ba shi da takardar kotu da zai kare kansa da ita.

A kwatanta da Hamisu Bala Wadume na Taraba, wanda aka zarga da garkuwa da mutane. A watan Agustan 2019 sojoji suka buɗe wa motar ’yan sandan da suka kamo shi wuta a hanyar Ibi zuwa Wukari, suka kashe jami’ai uku, shi kuma ya tsere. Aka sake kama shi a Kano, aka gurfanar da shi, Mai Shari’a Binta Nyako ta ɗaure shi shekara bakwai a 2022. Hukuncin bai gamsar da mutane da yawa ba, amma akwai fayil, kuma duk marubucin da ya so zai iya nemansa ya karanta.

Da kotu ta bar giɓi, ’yan jarida ne suka yi ƙoƙarin cikewa, su ma ba su sha da daɗi ba. A 2022 Trust TV ta nuna shirin gaskiya kan ’yan bindiga, wanda ya ƙunshi hirar Abdulaziz Abdulaziz da madugu Bello Turji, sashen binciken BBC na Afirka kuma ya fitar da na Yusuf Anka kan madugan dajin Zamfara, ciki har da Ado Aleru, wanda ’yan sandan Katsina suka sa ladan naira miliyan biyar a kansa tun 2020 saboda harin Kadisau a Faskari. A watan Agustan shekarar, hukumar kula da kafafen yaɗa labarai ta ƙasa ta ci tarar Trust TV da kamfanoni uku masu dillancin tashoshi naira miliyan biyar kowanne, wai sun kambama ta’addanci. Ɓarayin kuwa babu mai tace su. Suna TikTok suna baje damman kuɗi da bindiga a kafaɗa, yaron da ya je cajin waya a kasuwar Batsari yana iya dawowa gida da bidiyonsu a memori.

Tsoron masu tacewa ba shirme ba ne gaba ɗaya. Fim ɗin da ya mayar da kacalla jarumi, ya ba shi kirari da kiɗa mai daɗi da babur sabo, ya nuna dalla-dalla yadda ake cinikin fansa, talla ce ga daji, kuma abin da ya faru da Escobar ya isa misali. Akwai ma haɗarin da bai shafi marubucin New York ba. A can, wanda ake labarinsa yana kurkuku ko kabari. A nan yana da rai, yana da bindiga, wani lokacin ma an yi sulhu da shi yana shigowa kasuwa, kamar yadda aka gani bayan sasancin da aka ƙulla a Batsari a Janairun 2025 da wanda ya biyo baya a Safana. Sauya suna ba ya ɓoye kowa a ƙauyen da kowa ya san kakan kowa. Matar da aka taɓa sacewa, idan aka gane ita ce a fim, ita za ta kwana da abin, ba darakta ba.

Amma duk wannan hujja ce ta a yi aikin da hankali, ba ta a hana shi ba. Labarin yankin ba a bakin bindiga yake ba. Yana wurin magidancin da ya sayar da gona da shanun huɗa ya haɗa kuɗin fansa, aka karɓa aka ce ya ƙaro babur da katin waya. Yana wurin garin da aka yanka wa haraji kafin a bar shi ya yi girbi, mai gari yana bi gida-gida yana karɓa, yana sane gobe ana iya kiransa infoma. Yana wurin Bafulatanin da ɓarayi suka kore masa garke da dare, da safe ’yan sa-kai suka tare shi a hanyar kasuwa don kamanninsa kawai. Yana wurin matan da suka cika makarantun firamare da kangwaye a garin Batsari da birnin Katsina, waɗanda a da su ke ba da sadakar hatsi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai koya wa yaro sata. Kayan aikin ma akwai su ga mai son wahala: binciken da Dakta Murtala Ahmed Rufa’i na Jami’ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ya gabatar a 2021 bayan shekaru yana hira da ’yan bindigar, da rahotannin wakilan jaridu, da bakin waɗanda suka dawo, in sun yarda, in kuma an haɗa labarin mutum biyar ya zama na mutum ɗaya a wani ƙirƙirarren gari, yadda aka yi a Daɗin Kowa.

Kannywood ta nuna tana iya riƙe mai kallo zango bayan zango da Labarina da Kwana Casa’in. Abin da ya rage shi ne hukumar tacewa ta Kano ta janye haramcin da ta yi wa jigon ɗungurungum, ta koma duba kowane fim da abin da ya ƙunsa, ta hana wanda ya kambama ɓarawo, ta bar wanda ya tsaya tare da waɗanda aka zalunta. Su kuma marubuta, duk wanda zai taɓa wannan labari ya fara zuwa Batsari da Safana ya zauna da mutanen, ya nemi izininsu, kafin ya rubuta layin farko.